Ba Asibitin Damagaram Ke Cin Ƙafar Mai Ciwon Sukari Ba

Daga Sasumburum har Malawa akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane game da ciwon sukari. Idan likita ya rubuta takarda ya ce a wuce da mara lafiya Damagaram, kafin a kai ga neman mota sai ka ji wani dattijo a zaure ya ce, "Ku dai yi tunani, can in an je ƙafa ake yankewa." Wata gwaggo kuma daga cikin gida ta ƙara da nata: "Kada ku yarda su fara masa allurar nan, duk wanda aka fara wa ba ya daɗewa." Masu wannan magana su ne dai za su sayar da akuya su biya kuɗin motar in tafiyar ta zama dole, su ne kuma za su kwana a tabarma gefen gadonsa. Ƙauna ce ke magana a bakinsu, shi ya sa zan saɓa musu cikin ladabi, amma zan saɓa musu ɗin.

Abin da suka ce sun gani, sun gan shi. Kusan kowane gari yana da mutumin da ya tafi da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya da sandar dogarawa. Ana kuma iya nuna maka gidan wadda aka fara yi wa insulin a watan Rajab, kafin babbar salla an yi sadakar bakwai ɗinta. Ban musa ko ɗaya ba. Wurin ɗora laifin ne muka rabu. A wane hali mutumin yake ranar da aka ɗora shi a mota, kuma wata nawa ciwon ya yi a gida kafin wannan rana?

Mu bi ƙafar tun daga gona. Manomi ne da ya haura hamsin, a wani ƙauye na ƙasar Guci ko Dogo-Dogo. Ya yi shekaru yana fama da ƙishirwar da ba ta jin ruwa, yana yawan tashi fitsari cikin dare, rigunansa sun fara yi masa yawa. Shi da iyalinsa sun ɗauka zafi ne da wahalar noma, wani ya ce shawara ce, wani ya ce basir. A duk tsawon wannan lokaci sukarin da ya taru a jini yana ɓarna iri biyu a ƙafarsa: yana kashe ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi, yana kuma ƙuntata hanyoyin jinin da ke ciyar da yatsu. Da farko tafin ƙafar yana yi masa yaji da dare har ya hana shi barci. Daga baya yajin ya ɗauke, ya ce alhamdu lillahi an samu sauƙi. Jijiyar ce ta mutu.

Wata rana ana tsakiyar noma, ƙayar aduwa ta huda silifas ɗinsa ta shige ƙarƙashin babban yatsa. Bai ji ba. Ya yini a kanta, ya kwana, ya koma gona. Sai da uwargidansa ta lura ƙudaje suna bin ƙafar sannan aka tone ƙayar da tsinke, aka shafa man kaɗanya, aka ɗaure da tsumma. Mako ya zagayo, wurin ya kumbura ya fara baƙi. Nan aka ce daji ne, kuma kowa ya san abin da ake faɗa, wai daji ba ya son allura. Wani ya ce a'a, takawa ya yi, an binne masa abu a hanyar gona. Aka kira wanzami ya yi sakiya. Aka dafa sassaƙe ana gasa ƙafar safe da yamma da ruwan da ya isa ya sale fata, shi kuwa mai ƙafar yana cewa a ƙara, ai ba zafi, sai ga ƙuna a kan gyambo. Sai da wari ya hana zama ɗakin, zazzaɓi ya fara sa shi sambatu, sannan aka ɗaura wa shanu amalanke zuwa gidan likita. Daga can aka tura su asibitin gunduma, daga nan kuma Damagaram.

Likitan fiɗa da ya kwance tsumman nan ya tarar nama ya mutu, ƙwayoyin cuta sun kai ƙashi suna neman gauraye jini. Abu biyu ya rage a gabansa, ƙafar ko ran mai ita. Idan gara ta shekara biyar tana cin azara ta ciki, ranar da magini ya zo ya ce a sauke rufin kafin ya faɗo wa masu ɗaki, ba a cewa magini ne ya rushe ɗakin. Masana wannan fanni sun ƙiyasta cewa kusan 85 cikin 100 na yankan ƙafa a masu ciwon sukari da ɗan gyambo yake somawa, wato da abin da ake iya gani da ido a makon farko, a wanke shi, a ba da maganin ƙwayoyin cuta, a sauke sukarin, a hana mutum taka wurin har ya haɗe.

Akwai kuma dalilin da ya sa zaure ba ya jin ɗaya ɓangaren labarin. Wanda ya je da wuri ya dawo da ƙafafunsa biyu, ya shiga kasuwa ya ci gaba da awon riɗinsa, ba wanda ya san ma ya je. Mai ƙafa ɗaya kuwa duk inda ya gifta ana ganinsa. Shaidu nawa ke yawo a gari da takalmansu ba a ƙirga su ba?

Da mutuminmu ya je tun shekarar da ƙishirwar ta soma, abin da za a yi masa bai kai ya tsorata kowa ba. Za a ɗiga jininsa da safe kafin ya karya, idan ya kai giram 1.26 a lita, aka sake gwadawa wata rana aka sami haka, ciwon ya tabbata. Akwai wani gwajin, HbA1c, da ke nuna yadda sukarin ya kasance a wata ukun da suka wuce, wanda ba a iya yaudararsa da ƙin shan fura jiya da dare. Za a auna hawan jini, a duba fitsari ko ƙoda ta fara yoyo, a leƙa can bayan ido inda sukari ke fasa ƙananan hanyoyin jini tun mutum yana gani garau. Sannan a ce ya cire takalmi. Likita zai ɗauko wani siririn zaren roba, ya ce, "Baba, rufe idonka, in ka ji na taɓa ka ce e." Ya dangwala a babban yatsa har zaren ya ɗan lanƙwasa, Baba ya yi shiru. Ya dangwala a tsakiyar tafi, shiru. Ya taɓa bayan hannunsa, Baba ya ce e. Cikin minti biyu an san wannan ƙafa ba ta da mai gadi, kuma daga ranar ba tafiya ba takalmi, ba gashi da ruwan zafi, ba yanke farce da reza a duhu.

Mu koma kan allurar, wadda tsoronta ya ma fi na wuƙar fiɗa yawa. Insulin ba baƙon abu ba ne a jikin ɗan Adam. Wata tsoka da ke bayan tumbi, fankiriyas, ita ke yin sa, kuma shi ke buɗe wa sukarin abinci hanya ya bar jini ya shiga naman jiki ya zama ƙarfi. Gwaggon da ke gargaɗi a kansa, jikinta na zuba shi cikin jininta duk sanda ta ci tuwo. Kafin 1921, yaron da jikinsa ya daina yin insulin ba shi da wani magani sai a rage masa abinci har ya ƙare a kwance. A shekarar ce Frederick Banting da Charles Best suka tace shi a Toronto ta Kanada, a Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson. Wata yarinya, Elizabeth Hughes, ƴar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, an fara mata allurar a Agustan 1922 tana da nauyin da bai wuce kilo 20 da ɗan kai ba. Ta yi aure, ta haifi ƴaƴa uku, ba ta rasu ba sai 1981 tana da shekara 73. Shekara kusan sittin ke nan tana kan abin da ake ce mana ba a daɗewa a kansa.

To me ya sa a wurinmu ake ganin mutuwa na biyo bayan allurar? Saboda a ƙarshe ake yarda da ita. Wani dogon bincike da aka fara a Birtaniya a 1977 aka fitar da sakamakonsa a 1998, kan mutum fiye da 5,000 masu irin sukarin da ke kama manya, ya nuna cewa ranar da aka gano ciwon, tsokar nan ta riga ta rasa kusan rabin ƙarfinta, kuma tana ci gaba da raguwa shekara bayan shekara. Ƙwayar da ta riƙe mutum bana tana iya gazawa bayan ƴan shekaru ba tare da laifin kowa ba. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda aka matsa wa sukarinsu ya sauka, da ƙwaya ko da allura, sun sami ragin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lalacewar ido da ƙoda, kuma allurar ba ta ƙara musu mutuwa ba. Mu kuwa likita yana cewa lokacin allura ya yi, sai a nemi alfarma, a ƙara shekara biyu ana lallaɓawa da ƙwayar da ta daina aiki. Sanda ƙoda ta tsaya, ido ya rufe, sai a ce to a yi masa. Ya rasu, a ce ga abin da muke gudu.

Ba kuma kowa ne ke dawwama a kanta ba, wannan ma ba a cika faɗa ba. Mai juna biyu da sukari ya taso mata da ciki sau da yawa tana ajiye allurar bayan haihuwa. Wanda gyambo ko fiɗa ya hargitsa wa sukari ana iya riƙe shi da ita na ɗan lokaci a mayar da shi kan ƙwaya. Akwai ma wani nau'in da likitocin Afirka ta Yamma suka bayyana tun shekarun 1960: mutum zai zo a galabaice, sukari ya yi sama ƙwarai, dole sai insulin, amma bayan makonni ko watanni jikinsa ya farfaɗo a sauke shi daga kanta. Sai dai wanda zai ce a sauke ɗin likita ne da gwaji a hannunsa, ba mai jinya da ya ga jiki ya yi kyau ba.

Ina da abin da zan ba masu tsoro gaskiya a kai. Insulin yana iya kisa idan aka yi shi ba ilimi. Mutum ya yi allurar safe ya fita gona bai ci komai ba, ko ya ɗauki azumi bai je an gyara masa awo ba, sai sukari ya faɗi ƙasa: rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, sambatu, suma. A gidan da ba a koya wa kowa ba, za a ɗauka iska ce ta buge shi a tsaya tofi, alhali curin sukari uku a ruwa, in yana iya haɗiya, zai dawo da shi cikin mintuna. A ƙasar da rumbu ke ƙarewa kafin sabon hatsi ya nuna, wannan hatsari ne na gaske. Amma ilimin nan a ina ake samunsa? Wurin mutanen da ake hana mara lafiya zuwa gare su.

Batun firji kuma, da shi aka daɗe ana hana ɗan ƙauye allura, ya yi sauƙi fiye da yadda ake zato. A 2021 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, da Jami'ar Jeneba sun fitar da binciken da suka yi bisa zafin sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, suka tarar kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Bazararmu tana wuce haka, gaskiya ne. Amma dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na maƙwabciyarmu Jigawa ya yaɗa har ya ci lambar Rolex a 2000, tana sauke zafin. A sa kwalbar cikin ɗan busasshen gwangwani, a ajiye a tukunyar ciki, a inuwa.

Babban dalilin da ya sa nake ganin ƙwararren likita na farkon ciwo ne, shi ne sukarin ba iri ɗaya ba ne, ko da yake na'urar gwaji lamba ɗaya take nunawa. Akwai nau'in farko, na yara da matasa, inda jiki ya daina yin insulin ɗungurungum. Irin wannan yaro kan zo yana amai, yana numfashi sama-sama, cikin damina, a ƙasar da kowa ke tunanin zazzaɓin cizon sauro, kuma in ba a ɗiga jininsa an duba sukari ba, ba za a gane ba. Akwai na manya da aka fi sani. Akwai kuma wanda ya kamata mutanen Magarya da Dungas su kasa kunne a kansa fiye da kowa. A Afrilun 2025, a taronta na Bankok, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na 5, mai alaƙa da tamowa tun yarinta. An fara bayyana shi a Jamaika a 1955, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerinta a 1985 ta cire a 1999 saboda ƙarancin hujja, yanzu ya dawo. Yana kama siraran matasa a gidajen talakawa, kuma in aka ɗauke su kamar masu nau'in farko aka ɗura musu insulin da yawa, sukarinsu na iya faɗuwa ya yi ɓarna. MSF ta fara aikin tamowa a Magarya tun 2005. Yaran da aka goyo zuwa can a shekarun farko yanzu samari ne da ƴanmata, wasu da nasu iyalin. Duk wanda ya ce ciwon sukari na alhazan birni ne masu tumbi, bai dubi wannan ba.

Haka sauran cututtukan sinadaran jiki suke, suna ɓoye a bayan wasu sunaye. Matar da ke rama alhali tana ci, zuciyarta na bugawa, hannu na rawa, ba ta barci, ana iya shekara ana nema mata maganin iska alhali ƙullutun wuyanta ne, wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo, ya yi wa jini yawan aiki, kuma gwajin jini ɗaya ke nuna shi. Amaryar da aka ɗura wa sha-ka-fashe don ta cika ido, fuska ta yi fam, ciki ya tsattsage, sukari da hawan jini suka taso mata, ita ma magani ne ya hargitsa mata sinadarai. Tsayar da irin wannan ƙwaya farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da nasa hatsarin, sai likita ya rage ta sannu a hankali.

Game da maɗaci da garafuni da dogon yaro ba zan tsawaita ba. Ba na raina itace, don metformin, ƙwayar da aka fi ba masu sukari a duniya, asalinta daga binciken wani tsiro na Turai ta fito. Bambancin shi ne an san awonta, an san ƙodar da ba ta iya ɗaukarta. Mai shan jiƙo ya gaya wa likitansa yana sha, ya kuma bar na'ura ta yi alƙalanci. Ɗacin baki ba ya gaya wa kowa lambar da ke cikin jini.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba tsoro kaɗai ke riƙe mutane a gida ba. A ƙidayar 2012, Magarya da Dungas, wadda aka yanke daga Magarya ta zama gunduma a 2011, suna da mutum fiye da dubu 900, yau kuwa sun haura haka nesa. Daga garin Magarya zuwa Damagaram kimanin kilomita 90 ne, daga ƙauyukan Malawa kuma sai an sha rairayi kafin a ga kwalta. Likitocin da suka ƙware a sukari da sinadaran jiki ƙalilan ne a Nijar, akasarinsu a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Shi ya sa da yawa ke tsallakawa ta Tinkim ko Maigatari su nufi Gumel ko asibitin Malam Aminu Kano, kuma duk mai karɓar magani a wancan gefe ya ji a jikinsa sanda aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Gidajen likitanmu an gina su ne don zazzaɓi da haihuwa da tamowa, ciwon da ke zuwa a yi maganinsa ya tafi. Ciwon da ke zama da mutum shekara talatin, mai son awo kowane wata da maganin da ba ya yankewa, bai sami gurbinsa ba tukuna. Ba mu kaɗai ba ne: ƙiyasin 2021 na Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ya ce cikin manya miliyan 24 masu ciwon a yankin Afirka, fiye da rabi ba su san suna da shi ba.

Wannan ƙorafi halas ne, kuma hukuma ake kai wa shi. Ragin rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati da ya fara aiki a Satumban 2024 ya sauke wani nauyi, amma bai biya kuɗin mota ba, bai kawo ƙwararre kusa ba. Abin da ya kamata sarakuna da masu gari da wakilanmu su nema ba mai tsada ba ne: na'urar gwajin sukari da tsinkayenta a kowane gidan likita, ba na'ura a aljihun tebur ba tsinke ba, ma'aikaci ko ɗaya a Bande da Waca da Dogo-Dogo da aka koya wa duba ƙafa, da rana tsayayya da likita daga Damagaram zai riƙa sauka a asibitin Magarya da na Dungas, maimakon mutum ɗari su bi shi can. Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram yana da sashen cututtukan manya da na ƙoda, Jami'ar André Salifou kuma tana yaye likitoci a garin. Hannun da za a fara da shi yana nan.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun maigida da uwargida. Duk wanda ya haura arba'in a gidan, da duk mai ƙishirwa da yawan fitsari da rama ko yaro ne, a kai shi a ɗiga jininsa. Wanda aka riga aka san yana da ciwon, wani daga cikin ƴaƴansa ya ɗauki nauyin duba masa ƙafa kullum, tafi da dunduniya da tsakanin yatsu, a kuma zazzage takalminsa kafin ya sa. Duk ƙujewa ko huda ko ƙuna da aka gani, a kai shi gidan likita washegari, ko da mai ƙafar ya rantse ba ya jin zafin komai.